Tashar Zariya, mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa

Tsofaffin manoman Maraɗi, da Tasawa, da Matamai, da Magarya ba su manta da zamanin gujiya ba. Da kaka ta yi, sai a buɗe kasuwa, a kafa sikeli, a cika buhuna, manyan motoci su ɗauka su yi kudu. Manomi ya karɓi kuɗinsa ya koma gida. Inda buhun ke bi bayan ya ƙetare iyaka, wannan ba kowa ya sani ba.

To, ga hanyar. Mota tana kai buhun bakin jirgin ƙasa a cikin Najeriya. Wuraren da hanyar jirgi ta fi matsowa kusa da Nijar uku ne: Kano, da Nguru, da Ƙauran Namoda. Ko a wane ɗaya aka loda buhun, ba shi da hanyar zuwa teku sai ya ratsa ta tasha guda. Tashar nan ita ce ta Zariya, a ƙasar Zazzau. Tana da nisan kilomita 140 kudu da Kano, da kusan kilomita 1000 arewa da Ikko.

Mece ce mahaɗa?

Tashoshin jirgin ƙasa iri uku ne. Akwai tashar kan hanya, inda jirgi ke tsayawa kaɗan, ya sauke mutane, ya ɗauki wasu, ya wuce. Akwai tashar ƙarshe, inda ƙarfen ya ƙare, jirgi ba ya iya ci gaba sai dai ya juyo. Nguru da Ƙauran Namoda irin wannan ne. Ta uku ita ce mahaɗa, wato tashar da hanyoyi biyu ko fiye suka gamu.

Wanda ya saba bin babbar hanya daga Yamai zuwa Damagaram ya san misalinta. A Tsarnawa hanyar Tawa ke rabuwa. A Takyeta hanyar Matamai da Kano ke rabuwa. Amma akwai bambanci babba. Direban mota yana da sitiyari. In ya iso mararraba sai ya juya inda yake so. Direban jirgi ba shi da sitiyari. Ƙafafun jirgi na ƙarfe ne, kowace tana da leɓe ta ciki wanda ke riƙe ta a kan dogo. Inda ƙarfe ya nufa nan jirgi zai bi, ko direba yana so ko ba ya so.

Saboda haka a mahaɗa akwai wasu ƙarafa biyu masu siririn baki, waɗanda ake iya gusarwa dama ko hagu. Wani ma'aikaci ne a ƙasa ke jan mariƙa mai nauyi, sai ƙarafan su matsa kamar faɗin tafin hannu. Wannan ɗan matsi shi ke raba jirgin da za shi Kano da wanda za shi Gusau. In ma'aikacin ya yi gyangyaɗi, jirgi yana iya faɗawa hanyar da wani jirgin ke tsaye. Albashinsa kaɗan ne, amma rayukan ɗaruruwan mutane suna hannunsa.

Yadda dogo ya iso Zazzau

Turawan Ingila sun kama Zariya a shekara ta 1902. Kano da Sakkwato kuma a 1903. Masaƙun ƙasarsu suna bukatar kaɗa, wato auduga, kuma sun ji labari ƙasar Hausa gidan kaɗa ce. Matsalar ita ce ɗauko ta. Daga Kano zuwa bakin teku, jaki da ɗan dako sai sun yi watanni.

A 1907 aka yanke shawarar shimfiɗa dogo. Gwamnan Arewa na lokacin, Girouard, dama injiniyan hanyar jirgi ne. An fara aikin daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara, don jiragen ruwa su riƙa kawo ƙarafa har can idan kogi ya cika. Akwai kuma wata hanyar da ta taso daga Ikko tun 1896. Ta iso Badun a 1901, ta iso Jaba a 1909. Hanyoyin biyu suka haɗu a Minna. A 1911 ƙarfe ya ratsa Zariya ya isa Kano, a 1912 aka buɗe hanyar ga ƴan kasuwa. A Jaba babu gada a kan Kwara tukuna, sai a ɗora taragu a kan jirgin fito a ƙetare da su. Sai a 1916 aka gama gadar.

 Da diga, da shebur, da kwando aka yi aikin. Turawa suka ɗora wa sarakuna da hakimai kawo mutane. Kowane gari a yanka masa adadi, mutanensa su yi makonni suna sarar ƙasa, a sallame su, a kawo wasu. Ana biyan su da kuɗin ƙarfe na Ingila, kuɗin da daga baya za a karɓa a hannunsu da sunan haraji. Da yawa sun gudu sun bar gonakinsu. Mutanen Nijar da suka ji labarin aikin tilas na zamanin Faransawa, wanda aka hana a 1946, ba su bukatar dogon bayani a nan. Hausawa suka sa wa aikin suna aikin diga. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau sarauta a 1903, malami ne kuma mawaƙi. Ya tsara waƙa a kan wannan aiki, ana kiran ta Waƙar Diga, har yau ɗalibai suna nazarin ta.

Abin da Turawa suka yi tsammani bai faru yadda suka so ba. Sun kafa injin gurzar kaɗa a Zariya kusa da tasha. Amma masaƙan gida sun fi su biyan kuɗi mai kyau, don haka kaɗa mai yawa ta tsaya a kasuwannin ƙasa. Manoman Kano kuwa suka juya ga gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Turawa suna sayen ta da tsada don yin mai da sabulu. In kuma farashi ya faɗi, gujiya abinci ce, kaɗa kuwa ba a cin ta. A 1912 gujiyar da Najeriya ta fitar waje ba ta wuce tan 2500 da kaɗan ba. A 1913 ta haura tan dubu 19. Hanyar da aka yi don kaɗa ta zama hanyar gujiya.

Ƙaramin jirgin Jos

Zariya ta zama mahaɗa tun 1912, saboda kuza. A tsaunukan Jos ana haƙar kuza, kuma a kan mutane ake ɗauko ta. Kamfanonin haƙa suka matsa wa gwamnati lamba. Sai aka shimfiɗa wata hanya daga Zariya, ta bi ta Soba, da Dutsen Wai, da Rahama, ta hau dutse zuwa Jos. Ta isa Bukuru a 1914. Tsawonta kusan kilomita 230 ne.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zai sake dawowa. Kowace hanyar jirgi tana da faɗinta, wato ratar da ke tsakanin ƙarfe biyu. Babbar hanyar Ikko zuwa Kano faɗinta mita 1 da santimita 7 ne, saura kaɗan. Ta Jos kuwa, don a rage kuɗi, an yi ta da santimita 76 kawai. Taragon da aka ƙera don wannan faɗi ba ya hawa wancan, kamar yadda takalmin yaro ba ya shiga ƙafar babba. Sakamakon haka, duk kayan da ƙaramin jirgi ya kawo Zariya sai an sauke su, ƴan dako su ɗauka, a sake loda su a babban tarago. Kayan da za su Jos ma haka. Fasinja ma ya sauka ya sake jirgi. Lokaci yana ɓacewa, kaya suna fashewa, kuɗin dako yana ƙaruwa.

A 1927 wata babbar hanya ta iso Jos daga Kafancan, ta haɗa ta da tashar ruwa ta Fatakwal kai tsaye. Kuza ta daina bi ta Zariya. Ƙaramin jirgi ya ci gaba da jan ƙafa da fasinja da kayan gona har 1957, aka rufe hanyar, aka tumɓuke ƙarafan. An ajiye wasu daga cikin injunansa a gidan tarihi na Jos.

Reshen Ƙauran Namoda

Kafin hanyar Jos ta mutu, Zariya ta samu wani reshe, wanda ya fi shafar Nijar. Ya tashi daga tasha ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Funtuwa, da Tsafe, da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Tsawonsa ya wuce kilomita 200, faɗinsa kuma daidai da na babbar hanya. Ƙasar da ya ratsa ƙasar kaɗa ce da gujiya. Funtuwa da Gusau, waɗanda a da ba su kai manyan birane ba, suka cika da kantuna da injunan gurza. A 1930 kuma aka miƙa hanyar Kano zuwa Nguru.

Daga nan aiki ya tsaya. A 1929 kasuwar duniya ta karye, farashin gujiya da kaɗa ya faɗi, kuɗin sabon gini ya ƙare. Dogo bai kai Sakkwato ba, bai kai Katsina ba. Sai a 1958 aka sake kama wani babban aiki, wanda ya isa Maiduguri a 1964.

Me ya sa hanyoyin nan suka tsaya dab da iyaka, ba su shigo Maraɗi ko Damagaram ba? Amsar tana cikin mulkin mallaka. Ƙasar Hausa ɗaya ce, amma masu mulkinta biyu ne. Ingila ba ta da dalilin kashe kuɗinta a ƙasar da Faransa ke riƙe. Faransa kuma ba ta son dukiyar Nijar ta riƙa fita ta tashar ruwan wani. In aka dubi taswira za a ga hanyoyin duk sun miƙe daga gona zuwa teku. Ba a yi ko ɗaya don haɗa Kano da Sakkwato, ko Katsina da Gobir ba.

Abin da ke cikin tashar

Tashar Zariya ba ta cikin tsohon birni mai ganuwa. Tana arewa da shi, a ƙetaren kogin Kubanni. Wanda ya shiga zai fara ganin ɗakin sayar da tikiti da dakalin da fasinja ke jira. Wannan ƙaramin ɓangare ne. Babban aikin mahaɗa yana bayansa, a wani fili mai faɗi inda ƙarafa suka jeru kusa da juna kamar kunyoyin gona.

A zamanin da jirgi ke tashe, a filin nan ake tsara taragu. Jirgi ya taso daga Ikko da taragu masu yawa, wasu na Kano, wasu na Gusau, wasu na Zariya kanta. Sai a kwance su. Wani ƙaramin inji ya riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya, kowane zuwa layinsa. Taragun da suka zo daga Ƙauran Namoda kuma a ɗaura su a bayan jirgin da za shi kudu. Aikin nan dare da rana ake yin sa, kuma shi ne ya fi haɗari, domin mai ɗaura taragu yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

A wancan zamani akwai babbar rumfar injuna, inda ake wanke su, a duba su, a gyara. Akwai sito na ajiyar kaya. Akwai tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, da wurin tara gawayin ƙasa. Injunan farko da tururi suke aiki. Ana hura wuta da gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙa a Anu Araren kusa da Agadas, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Nasu gawayin daga Inugu ake kawo shi. Irin wannan inji ya fi raƙumin da ya dawo daga Bilma shan ruwa, kuma ba ya haƙuri kamar raƙumi. Da rani, idan rijiyoyi suka ja baya, ruwan injuna kan zama damuwa a arewa. Daga 1955 aka fara kawo injuna masu shan man gas, sannu a hankali suka maye gurbin na tururi. A shekarar nan ce kuma aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda ta sa hedikwatar yankinta na arewa a Zariya.

Wani abin lura shi ne, hanyar guda ɗaya ce tal. Jirgin da ke zuwa da wanda ke komawa a kan ƙarfe ɗaya suke tafiya. Ba su iya wuce juna sai a tasha, inda aka yi layin ratsewa. To, yaya ake hana su karo a daji? Tsakanin kowace tasha da ta gabanta akwai alamar izini, ƴar sanda ko mabuɗin ƙarfe. Direba ba ya tashi sai alamar tana hannunsa. Na'urar da ke riƙe alamun a tashoshin biyu a haɗe take da waya, ba ta sakin ta biyu sai an mayar da ta farko. Dabarar tana da kyau, ta tsare rayuka. Amma tana rage yawan jiragen da za su wuce a yini. Idan jirgi ɗaya ya lalace tsakanin Zariya da Kaduna, to na Kano, da na Nguru, da na Gusau duk sun tsaya.

Ga ɗan lissafi don a gane ƙarfin jirgi. A ce tarago ɗaya ya ɗauki tan 20, jirgi kuma yana jan tarago 25. Tan 500 ke nan, wato kilo dubu 500. In raƙumi mai ƙarfi yana ɗaukar kilo 200, sai an tara raƙuma 2500 kafin su kwashe kayan jirgi ɗaya.

Garin da tasha ta haifa

Jirgi yana bukatar direbobi, da maƙera, da akawuna, da masu buga waya. A farkon zamani mafi yawansu daga kudu suka zo: Yarabawa, da Ibo, da mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana yanzu. Turawa ba su bari suka zauna cikin birni ba. Aka yanka masu unguwa kusa da tasha, aka kira ta Sabon Gari. Baƙi ƴan Arewa kuma aka ba su Tudun Wada, tsakanin ganuwa da kogi. Kamfanonin Turawa suka gina kantunansu a bakin dogo, suna sayen gujiya, da kaɗa, da fata, suna sayar da atamfa, da gishiri, da kananzir. Har yau akwai unguwar da ake kira PZ, da sunan ɗaya daga cikin kamfanonin. Kasuwar Sabon Gari ta zo ta fi ta cikin birni ciniki.

Ma'aikatan jirgi suna cikin waɗanda suka fara gane ƙarfin haɗa kai. A 1945, bayan yaƙin duniya na biyu ya tsananta tsadar rayuwa, ma'aikatan Najeriya suka yi yajin aiki na fiye da kwana 40. Ƴan jirgin ƙasa ne a gaba, jagoransu Michael Imoudu. A Arewa, Zariya na cikin wuraren da yajin ya fi ƙarfi. Dalilin a fili yake: wanda ya rufe mahaɗa ya rufe hanyoyi duka.

Mutanen Nijar ma sun san dakalin tashar nan. Ƴan ci-rani daga Adar, da Gobir, da Damagaram sun bi ta nan zuwa Badun da Ikko bayan an gama girbi. Shanun da aka koro daga arewa ana loda su a Kano, ko Nguru, ko Ƙauran Namoda, su isa kudu cikin ƴan kwanaki. A ƙasa kuwa sai sun yi makonni, su rame, wasu su mutu da cizon tsando. A dawowa taragu suna ɗauko goro. Kafin jirgi, fatake kan yi watanni da jakuna zuwa Gwanja. Da jirgi ya zo, goro ya riƙa isowa ɗanye daga ƙasar Yarabawa, tsohuwar hanyar Gwanja ta mutu. Alhasan Ɗantata na Kano yana cikin fataken goron da suka gane canjin da wuri, ya koma sayen gujiya, ya zama babban attajirin zamaninsa.

Lokacin da ƙofa ta yi ƙunci

Bayan yaƙin duniya na biyu gujiya ta yi yawa ƙwarai. Injuna sun tsufa, taragu ba su isa ba, hanya kuma ɗaya ce. Jirgi ya kasa kwashe amfanin shekara kafin na wata shekara ya iso. Buhuna suka taru a Kano, aka riƙa jera su sama kamar duwatsu. Su ne dalar gyaɗa da ake gani a hotuna. Mutane suna kallon su alamar arziki, kuma haka ne. Amma kuma alama ce ta kayan da suka rasa jirgi, suna zaune rana da ƙwari suna cin su.

Gujiyar Maraɗi da Damagaram tana cikin wannan layi, kuma ta baƙo ce. Ga shi ana biyan kuɗin jirgi da kuɗin Ingila. Saboda haka a 1953 Faransawa suka ƙirƙiro wani tsari da suka kira Operasiyon Irondel, wato aikin tsattsewa. Motoci su ɗauki gujiya su bi ta Doso da Gaya, su ƙetare Kwara, su kai ta Paraku a ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin yanzu. Daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kotonu, tafiyar kilomita 438. A dawowa motocin su ɗauko kayan kanti. Hanyar ta fi nisa sosai. Daga Maraɗi zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, daga Maraɗi zuwa Paraku kuwa kusan 1000 ne. Sai da hukuma ta riƙa cika kuɗin mota kafin tsarin ya tsaya da ƙafafunsa. A 1958 aka gama gadar Gaya, a 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar. Duk da haka gujiyar gabas ta ci gaba da bi ta Kano da Zariya, har bayan da aka kafa kamfanin SONARA a 1962. A shekarun nan gujiya ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga sayar da kaya waje. Jinkiri a wata tasha ta ƙasar Zazzau yana iya taɓa aljihun manomin Magarya, shi kuwa bai taɓa ganin tashar ba.

Faɗuwa

Abubuwa da yawa suka haɗu suka durƙusar da tashar. A rikicin 1966 an kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa, sauran suka gudu gida, cikinsu har da ƙwararrun ma'aikatan jirgi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe hanyar Fatakwal. Sai farin 1973, sai cutar da ta kama gujiya a 1975. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, kasuwannin gujiya suka mutu a Nijar. Kuɗin man fetur ya shigo Najeriya, aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace kayan jirgi. Mota tana kai kaya har ƙofar sito, kuma ba ta jiran alamar izini.

An yi ta neman magani. Daga 1979 zuwa 1982 an ba wa ƙwararru daga Indiya riƙon hukumar. A 1986 aka buɗe makarantar koyon aikin sufuri a Zariya. A ƙarshen 2012, bayan gyara, jirgin fasinja ya koma tafiya daga Ikko zuwa Kano, tafiyar da ke cin fiye da awa 30. Amma abin bai ɗore ba. Ambaliya tana yanke hanya, ɓarayi suna kwance ƙarafa su sayar, ƴan bindiga kuma sun addabi dazuzzukan Kaduna da Zamfara, inda reshen Ƙauran Namoda ya ratsa.

Sabuwar hanya da tsohuwar matsala

A Nijar, an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita 140, aka gama a 2016. Ba a haɗa shi da Paraku ba, kuma bai yi jigilar kasuwanci ba.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin wata hanya daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. An tsara ta bi ta Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Wani kamfanin ƙasar Fotugal, Mota-Engil, aka ba aikin. A shekarar nan kuma aka fara sabuwar hanya daga Kaduna zuwa Kano, wadda ke ratsa ƙasar Zariya. Har ƙarshen 2024 ana cikin aikin duka biyun. In sun kammala, a karo na farko tarago zai iya tashi daga Maraɗi ya wuce ta Zazzau ba tare da mota ta shiga tsakani ba.

Amma kada ɗan kasuwa ya yi saurin sayar da motarsa. Abu na farko, jirgi ma ba ya ƙetare rufaffiyar iyaka, kuma iyakar nan an rufe ta a 2019, an sake rufe ta a 2023. Na biyu, sabuwar hanya ba ta kai teku ba tukuna. An buɗe Abuja zuwa Kaduna a 2016, an buɗe Ikko zuwa Badun a 2021, amma tsakanin Badun da Abuja har 2024 ba a shimfiɗa ta ba. Na uku shi ne faɗi. Sabuwar hanya faɗinta mita 1 da santimita 43 da rabi ne. Tsohuwar ta Zariya mita 1 da santimita 7. Ta Paraku da ta Doso kuwa mita 1 cif. Taragon ɗaya ba ya hawa ɗaya.

Ke nan buhun masarar da aka loda a Funtuwa cikin tsohon tarago, in za a kai shi Maraɗi a sabon jirgi, sai an sauke shi a hanya, ɗan dako ya saɓa a kafaɗa, a sake lodi. Haka aka riƙa yi da kayan ƙaramin jirgin Jos a tashar Zariya daga 1912 zuwa 1957.